Aljanin Larabawa yana da unguwa, namu fa?

Duk gidan Bahaushe da ka shiga a Jidda ko Makka, in dai akwai samari da 'yan mata, akwai wata rigima da ake yi ko da ba a yi ta a gabanka ba. Uwa ta ga wani littafin Larabci mai baƙin bango a ƙarƙashin filon 'yarta, ta ɗauke ta ɓoye. Uba ya ji labari ya ce a ƙona shi. Yarinya ta yi shiru, washegari ta sauke shi a waya. Ita kuwa uwar, da ta shiga kicin sai ta maƙala abin ji a kunne ta ci gaba da sauraron nata littafin na Hausa a YouTube, wanda in za a ƙirga aljanun da ke ciki, ba lallai ne na 'yar ya fi shi ba.

Ni duka biyun nake karantawa. A Kano na taso, zamanin da ake zuwa shago a yi hayar littafin soyayya a dawo da shi bayan kwana biyu, aure ya kawo ni Jidda, zama kuma ya koya mini Larabcin da zan iya bin labari da shi. Cikin 'yan shekarun nan na bi littattafan tsoro da na almara da na soyayya ta ɓangarorin biyu, kuma ban yarda cewa su ne ke ɓata mana yara ba. Abin da ya dame ni daban ne. Yaranmu suna komawa ga na Larabci saboda a can ne suke ganin titin da suke bi kullum, na Hausa kuwa ba su san da zamansu a duniya ba.

A fara da batun hanawa, tunda shi ne ya fi sauƙin sallama. An gwada a nan. A 2013 Ibrahim Abbas ya fitar da littafinsa mai suna Haujan, labarin wani aljani da ya kamu da son wata ɗalibar likitanci. Aka yi ta yaɗa cewa 'yan mata a makarantu sun fara kwaikwayon kiran aljanu da allo saboda shi, 'yan Hai'a, wato Hisbar Saudiyya, suka sa aka kwashe shi daga shagunan littattafai. Me ya biyo baya? Wanda bai taɓa jin sunansa ba ma ya shiga nema. Littafin ya dawo shaguna, kuma bayan shekara goma, a ƙarshen 2023, fim ɗinsa ne ya buɗe bikin fina-finai na Bahar Maliya a nan Jidda, a ƙasar da sai 2018 aka sake buɗe gidajen sinima. A gida ma an gwada. A 2007 an tara littattafan soyayya an cinna musu wuta a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Yau ga su nan a aljihun kowa, babu bango, babu edita, babu ma sunan gaskiya na mai rubutun. Na takarda aƙalla ana ganinsa a hannun yarinya.

To me ke cikin na Larabcin da yake riƙe su haka? Ba zan ce kyawun harshe ba ne. Usama Al-Muslim, mutumin Ahsa a gabashin Saudiyya wanda littafinsa Khauf ya fito a 2015, masu sharhi sun sha cewa rubutunsa ba shi da zurfi, kuma a wurare da dama na yarda da su: gajerun jimloli, hira a kan hira, mutane suna shiga suna fita ba ka gama sanin su ba. Amma a baje kolin littattafai na Rabat a Maroko a 2024, cunkoson matasan da suka zo ya sa musu hannu sai da ya sa aka dakatar da zaman. Matasan da ake cewa waya ta raba su da karatu ke nan. Mutumin ya san inda zai yanke babi ya bar ka a tsaye, kuma ya ɗauki aljanun da kakanninsu ke ba su labari ya daina jin kunyarsu.

Haujan ya fi burge ni, saboda wata dabara guda. Aljanin ne yake ba da labarin, kuma a wurinsa mutane ne baƙin da suka tare masa a gida. Gida ne a Jidda, irin wanda kowa ya sani, da falo da kicin da ɗalibar da ke zaune da littattafanta har dare. Da na gama shi, kwana da kwanaki in na wuce wani sabon gini da ba a shiga ba sai na ɗaga kai na dubi tagogin. Nan tsoro yake. Dodon da ke wani daji mara suna ba ya hana kowa barci. Wanda aka ce yana zaune a saman firjinka, shi ne matsala.

Na Hausa fa? Wallahi kayan aikin da marubutanmu suke da shi ya fi na kowa. Muna da maita, da kurciya, da sammu, da namijin dare, da iskokin bori kowanne da sunansa da halinsa da abin da yake so, da tsamiyar da ba a wucewa ta gindinta da tsakar rana. Kuma da yawansu sun iya buɗe labari. Na saurari wani da amarya take jin ana daka a tsakar gida ƙarfe biyun dare, ta leƙa ta ga turmi a kife kamar yadda ta bar shi. Tsigar jikina ta tashi. Amma na riga na san inda za a ƙare, kuma can aka ƙare: kishiya ce ta je wurin boka, aka kira malam ya yi ruƙiyya, aljani ya yi ihu ya ce zai fita, kishiya ta haukace tana tona wa kanta asiri a bakin titi. Tuwo ne aka tuƙa da kyau aka zuba masa miyar shekaranjiya.

Kar a yi mini mummunar fahimta, ba ruƙiyyar nake ƙi ba. Musulma ce ni, na san abin da Falaƙi da Nasi suke yi. Abin da nake ƙi shi ne marubuciya ta mayar da malam hanyar kuɓuta duk lokacin da labari ya cushe mata. In tun shafin farko na san za a yi karatu komai ya warware, me zan ji tsoro? Kuma me ya sa kullum mace ce tushen sharrin, kishiya ko uwar miji ko ƙanwar uba? Mijin da ya tara su ya kasa adalci yana fita fes, har a tausaya masa wai an juya masa tunani. Sannan garin da abin ya faru ba shi da fuska. A ce Kano ko Kaduna a layin farko, shi ke nan, ba za ka sake jin ƙamshin wata unguwa ba har ƙarshe.

Littattafan yaƙi da na almara sun fi nisa da ƙasa. Birni mai sunan da ya yi kama da Larabci amma babu Balaraben da ya taɓa jin sa, sadauki ya sare dubu da sara ɗaya, matsafi ya dubi madubi, gimbiya ta fi kowa kyau a nahiyar. Ba a cin abinci, ba a yin zazzaɓi, damina ba ta sauka. Ina jin daɗinsu wani lokaci, ba zan ɓoye ba, amma da na ajiye na manta. Abin haushin shi ne ba haka aka faro ba. Gandoki na Bello Kagara, wanda ya fito a 1934 daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933, da yaƙin Turawa a ƙasar Kwantagora ya fara kafin ya shiga duniyar aljanu. Ƙafarsa ɗaya tana kan ƙasar da mai karatu ya sani, shi ya sa da ya ɗaga ɗayar aka bi shi.

Na soyayya su ne suka fi yawa, su ne kuma suka fi ci mini rai, don su ne matanmu na nan suke ba kuɗinsu da darensu. Akwai wata baiwar Allah da muke haɗuwa da ita, ta girme ni sosai, aikatau take yi a gidan wasu Larabawa. Hannunta duk ya yi fari saboda ruwan wanki. Littafin kuɗi take saye a WhatsApp, kuma sayen ma aiki ne: ta ba mai canji riyal, a tura wa ƙaninta naira a gida, shi ya tura wa marubuciyar, ya turo mata hoton shaidar biya, ita kuma ta tura kafin a saka ta a zauren. Na ce mata, "Hajiya, duk wannan wahalar a kan littafi?" Ta ce, "Ke dai bari, 'yar nan. In ina guga ina ji, mantawa nake a gidan wani nake." Ban da abin cewa. Duk mai son ya raba ta da wannan, sai ya fara kawo mata abin da zai maye gurbinsa.

Amma me ake sayar mata? Attajiri miskili wanda ba ya dariya, yarinya marainiya da aka aura masa ba ya so, wulaƙanci shafi ɗari, sannan ya gane ita ce rayuwarsa. Na yafe wannan, kowace al'umma tana da irin mafarkinta. Abin da ban yafe ba shi ne yadda ake siffanta su. Fari ne tas kamar Balarabe. Dogon hanci, gashi kwance luf, in ka gan ta ba za ka ce Bahaushiya ba ce. Wannan jimlar ta ƙarshe na ci karo da ita ba sau ɗaya ba, kuma yabo ake nufi da ita. Wataƙila a Kano a karanta a wuce. A nan ba ta wucewa. Yarinyar da aka haifa a Makka, wadda tun tana firamare ta san yadda kalmar takruniya, sunan da ake kiran baƙar mace 'yar asalin Afirka ta Yamma da shi, take fita daga bakin wasu, ta dawo gida ta buɗe littafin da aka rubuta da harshen uwarta, ta tarar a can ma kyau shi ne ka yi kama da wanda ya raina ka. Ina za ta sa kanta? A gasar cin kofin duniya ta 2018 'yan wasa uku masu sunan Hausawi ne a tawagar Saudiyya, baƙaƙe kamar mu, duniya tana kallo. Littattafanmu har yanzu ba su yarda baƙi ya zama jarumi ba sai an ɗan wanke shi.

Saudiyya kuwa tana fitowa a kusan kowane littafi, sai dai ba wadda muke ciki ba. Wurin cin amarci ce. Bayan biki ango ya ɗauki amarya zuwa Umara, otal mai kallon Harami, a yi ɗawafi a yi addu'ar zuri'a, a biya ta Jidda a sayi gwal da turare, a wuce Dubai. Ba a taɓa sauka Shara Mansur, unguwar mutanenmu a Makka, ba. Ba a ganin matar da ke shimfiɗa kayanta a gefen titi ido ɗaya yana kan ciniki ɗaya yana kan motar askarawa. In Takari, wato namu mazaunin Saudiyya, ya fito a labari, to ko dai abin dariya ne mai gurɓatacciyar Hausa, ko 'yar Kano-Jidda da ta dawo da haƙorin Makka da mugun hali. Matan da suke biyan kuɗin littafin da guminsu, su ne ake yi wa wannan.

Kuma ga soyayya a nan zube, wadda ba ta buƙatar boka ko kishiya kafin ta sa mutum kuka. Saurayin da aka haifa a Makka, ubansa ma a Makka, amma igamarsa, wato takardar izinin zama, ta mutu, yana son yarinyar da iyayenta suke da takardar ɗan ƙasa. Auren da aka ɗaura a ɗaki da shaidu da dabino, halal ɗinsa cikakke, amma babu ofishin da ya san da shi, don haka ɗan da aka haifa ba shi da takarda, makaranta ta zama tashin hankali. Mijin da ya fita sallar Asuba aka yi tarhil da shi, wato aka kore shi daga ƙasar, jirgi ya sauke shi a Kano, garin da bai taɓa takawa ba, da jallabiyar da ke jikinsa, matarsa tana nan da ciki. Kowa a cikinmu ya san gida aƙalla ɗaya da irin wannan ya faɗa wa. Wace uwar miji ce ta kai takarda iya raba masoya?

Masu son tsoro ma ba sai sun ƙirƙiri daji ba. Daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 aka rushe tsoffin unguwanni da yawa a Jidda, Gulail da Karantina da Batromin da Sabil da Kandara na cikinsu, kuma nan ne da yawan mutanenmu suka yi shekaru. Da farko a wayi gari a ga an rubuta ikhla da jan fenti a bango, wato a tashi. Sai a yanke wuta. Na bi ta wani lungu a tsakanin tashin mutane da zuwan katafila: ƙofofi a buɗe, an cire na'urorin sanyaya ɗaki an bar ramukansu a bango, takalmin yaro ƙafa ɗaya a kan matakala, kyanwoyi sun cika ko'ina suna kallon mutum ba sa gudu. Mu da muka taso ana ce mana aljanu kango suke so, wa zai bi ta nan bai yi addu'a ba? In an share unguwa gaba ɗaya, waɗanda ba a gani ina suke komawa? Bin tsoffin maƙwabtansu suke yi zuwa sabon haya? Wannan tambaya kaɗai littafi ce. A Makka akwai Masallacin Aljanu kusa da maƙabartar Ma'ala, a wajen Madina akwai kwarin da direbobi ke kai alhazai su kashe mota a ga tana tafiya da kanta. Ko almarar ma, me ya fi hanyar da kakanninmu suka biyo a ƙasa? Ta Borno, ta Chadi, ta Darfur, ana tsayawa a yi noma a tara guzuri a ci gaba, shekaru a hanya, har Sawakin a gaɓar Sudan a tsallaka teku. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, jama'arsa suka ci gaba da gabas, ɗansa Mai Wurno ya kafa garin da har yau ake kira da sunansa a bakin Shuɗin Nilu a Sudan. Sahara, 'yan fashi, rijiyoyin da suka ƙafe, yaran da aka haifa a hanya, tsofaffin da aka binne ba alama. A zuba aljanu a wannan tafiya a ga in akwai yaron da zai ajiye.

Iyaye suna da gaskiyarsu a wuri biyu, kuma ba zan raina ta ba. Batsa ta yi yawa a wasu littattafan intanet na Hausa, irin wadda ko matar aure sai ta rage murya, kuma babu mai tambayar shekarun wadda ta biya. Wasu na Larabcin kuma suna kusantar bayanin yadda ake tsafi fiye da yadda labari yake buƙata, a ƙasar da sihiri laifi ne da kotu ke hukuntawa. Yarinya 'yar shekara 12 ba ta da abin yi da waɗannan. Sai dai uwar da ba ta taɓa buɗe littafin ba, da me za ta bambance mai guba da mara guba? Bango take gani. Na ga an ƙwace littafin aljanu wanda babu ko riƙe hannu a cikinsa, aka bar wayar da ke ɗauke da abin da ya fi shi muni sau goma, don shi da Hausa aka rubuta kuma sunansa mai daɗi ne. A karanta tare da su, ko a ce su ba da labarin bayan Isha. Yaro in yana ba ka labari, da kansa yake nuna maka abin da ya zauna masa a rai.

Akwai 'yar ƙanwata, a nan aka haife ta, Hausarta a baki garau, amma karatunta duk da Larabci ta yi. Na taɓa tura mata wani littafin Hausa da na ga ya yi dama-dama. Bayan kwana biyu ta ce, "Khala, wallahi na gwada. Mene ne gsky? Mene ne kmr?" Gaskiya da kamar ake nufi, haka ake yanke su. Babu aya, babu waƙafi, ƙ da k duk ɗaya, rabin hirar masoyan kuma da Turanci. Ita da dama harafin boko baƙo ne a idonta. Ta koma wa Usamanta. Na ce to ta saurara a YouTube, ta ce ta saurara, amma mutanen ciki ba su yi kama da kowa da ta sani ba.

Ba na sa ran marubuciyar da ke zaune a Gusau ko Zariya ta rubuta Karantinar da ba ta taɓa gani ba. In ta yi ma ƙarya za ta yi. Abin da nake nema a wurinta shi ne ta rubuta Gusau ɗin sosai, ta bar jarumarta da fatarta, ta nemi wanda zai duba mata rubutu kafin ta karɓi kuɗin mutane. Namu na nan kuwa nauyinmu ne, kuma mu da muka iya rubuta Hausa muna ta tsufa muna sauraron na wasu. Waɗanda suka san lungunan, suka ji tsoron motar jawazat, jami'an shige da fice, tun suna goye, su ne waɗannan yaran da ake ƙwace wa littafi. Cikinsu wani zai rubuta labarin, na tabbata. Yadda abubuwa suke tafiya da Larabci zai rubuta shi, a sayar da shi a kantin littattafai na Jarir, sannan mutanen Kano su jira mai fassarawa.